Bambaraƙwai a Ƙirjin Kwat: Tsofaffin Kayan Ado a Bukukuwan Kakar Ingila

Turawan Ingila sun kasa shekararsu kashi huɗu, kuma kashin da ya faɗo tsakanin Satumba da ƙarshen Nuwamba shi ne masu fassara suka saba kira kaka, domin a cikinsa ne ake gama kawar da amfanin gona. Sai dai kakar tasu ba irin wadda Bahaushe ya sani ba ce. Ganyayen itatuwa ne ke rikiɗa su yi ja da rawaya su kakkaɓe, yini ya dinga gajarcewa har a mai da agogo baya da awa guda ran Lahadin ƙarshe ta Oktoba, ga yayyafi ba dare ba rana, ga sanyi yana shigowa sannu a hankali. To, a daidai wannan lokaci ne taruka ke yawaita. Jami'o'i su buɗe, alƙalai su yi jerin gwanon buɗe shekarar shari'a a Westminster a farkon Oktoba, a yi bikin godiya saboda girbi a majami'un ƙauyuka, a fitar da tsofaffin motocin da aka ƙera kafin 1905 a tuƙa su daga Landan zuwa Brighton ran Lahadin farko ta Nuwamba, sa'an nan a zo ga ranar tunawa da waɗanda suka mutu a yaƙi. Kowane taro kuwa da irin shigar da yake nema.

A cikin irin waɗannan taruka ne akan ga wata ɗabi'a wadda ta cancanci a tsaya a dube ta. Mutum zai fito cikin tufafi na yau da kullum, ba abin da ya raba shi da na kusa da shi sai abu guda: agogon aljihu na zamanin kakanni rataye da sarƙar azurfa a falmaran, ko fil ɗin ado mai siffar ƙwaro a ƙirjin kwat, ko malafa mai gashin tsuntsu wadda aka daina yayinta tun kafin a haifi uwar mai ita, ko kwagiri mai kan agwagwa. Abin yakan zo wa mai kallo bambaraƙwai, wai namiji da suna Hajara. Waɗansu sukan ce neman suna ne kawai, waɗansu su ce bauɗiya ce ta waɗanda kuɗi ya yi wa yawa. Abin da wannan maƙala ke son tabbatarwa shi ne, ɗabi'ar tana da hujja mai ƙarfi, har ma ta fi sayen sabon ƙyale-ƙyale daraja, amma fa da sharaɗi. Tsohon abu magana yake yi, kuma wanda ya rataya shi bai san abin da yake faɗa ba, ko bai duba wurin da zai faɗe shi ba, lalle ya ɗauki Dala ba gammo.

Dalilin da ya sa abin ya fi ƙamari da kaka ba mai wuyar ganewa ba ne. Da zafi Bature 'yar shara yake sawa, ba wurin da zai maƙala wani abu. Da hunturu kuma babbar rigar sanyi ta rufe kome, daga wuya har gwiwa. Kaka ce kaɗai ke ba da tufa bisa tufa, a ga falmaran da aljihunsa, a ga kwat ta ulu mai kaurin da zai iya ɗaukar fil mai nauyi ba tare da ya yage ba, a ga malafa da safar hannu da mayafin wuya da laima, kowannensu da aikinsa na gaskiya saboda sanyi da ruwa. Har wa yau akwai wani abin sha'awa ga ɗalibin harshe. Kalmar da Turawa ke kiran irin waɗannan kaya da ita, watau *vintage*, asalinta ba ta da alaƙa da tufafi ko kaɗan. Daga Latin ta biyo ta Faransanci, kuma ma'anarta ta farko ita ce girbin inabi, wanda shi ma da kaka ake yi. Daga nan ta koma nufin amfanin wata shekara ta musamman, sa'an nan ta zama duk wani abu da shekarunsa suka ƙara masa ƙima. 'Yan kasuwa sukan ba da wannan suna ga abin da ya shekara ashirin zuwa ɗari, in ya haura ɗari kuma sai ya shiga sahun kayan tarihi.

Hujja ta farko, kuma mafi ƙarfi, ita ce tsohon kayan ado ana iya karanta shi kamar yadda ake karanta takarda. Tun shekarar 1300 aka kafa doka a Ingila cewa kayan azurfa sai an gwada su an buga musu hatimi kafin a sayar, hatimin farko kuwa kan damisa ne, wanda daga baya ya zama alamar Landan. A 1478 aka ƙara harafi guda mai nuna shekara, ana sauya shi duk shekara. Daga baya aka ƙara hoton zaki mai tafiya, mai shaida cewa cikin kashi 1000 na ƙarfen, kashi 925 azurfa ce tsantsa. Da aka buɗe ofishin gwaji a Bamingham a 1773, sai aka ba shi alamar ƙugiyar jirgin ruwa, ko da yake garin ba ya kusa da teku. Saboda haka wanda ya tsinci sarƙar agogo a kan tebur a kasuwar Portobello ran Asabar, in yana da tabarau mai ƙara girman abu da ɗan littafin haruffan nan, zai iya faɗin garin da aka gwada ta, da shekarar, sau da yawa har da maƙerin da ya yi ta. Haka kwat ta yadin Harris Tweed, wanda dokar majalisa ta 1993 ta ce ba za a kira shi da wannan suna ba sai in mutanen tsibiran yammacin Sikotilan ne suka saƙa shi da hannu a gidajensu. Masana sukan ƙiyasta shekarun kwat daga irin tambarin da ke cikinta. Abin da aka zubo daga masana'anta jiya, dubu-dubu iri ɗaya, ba shi da labarin da zai bayar sai na farashinsa.

Labaran kuwa ba ƙanana ba ne. Sarƙar agogon da ake ratayawa a maɓallin falmaran sunan Yarima Albat, mijin Sarauniya Biktoriya, take amsawa. Da ya rasu a Disambar 1861, Sarauniya ta shiga baƙaƙen kaya ba ta fita ba har ta bi shi a 1901, kuma makokin nata ya zama yayi a ƙasa duka. A nan ne kasuwar wani baƙin dutse ta buɗe, dutsen da ake haƙowa a gaɓar garin Whitby, wanda a haƙiƙa itace ne da ya daskare a ƙarƙashin ƙasa shekaru miliyoyi. Ba shi da nauyi, kuma yana gogewa ya yi sheƙi, don haka aka riƙa sassaƙa shi ana yin fil da 'yan kunne da sarƙar wuya na masu takaba. Waɗansu ma da ɗan silin gashin mamacin a kitse a bayansu. Matar da ta maƙala irin wannan fil ta tafi ɗaurin auren ƙawarta a watan Oktoba, don kawai baƙinsa ya dace da kwat ɗinta, ta tafi biki da alamar zaman makoki a ƙirji ba ta sani ba. Shi kuma agogon aljihu yaƙin duniya na farko ne, na 1914 zuwa 1918, ya kashe masa kasuwa, domin sojan da ke cikin rami riƙe da bindiga ba shi da hannun laluben aljihu, sai aka koma ɗaura agogo a wuyan hannu.

Abin da ya fi waɗannan duka ban sha'awa shi ne labarin yaƙin duniya na biyu. Ranar 1 ga Yunin 1941 gwamnatin Birtaniya ta sa tufafi a kan kati, kowane mutum aka ba shi kufan 66 na shekara, ba da jimawa ba aka rage su zuwa 48, kuma ba a janye tsarin ba sai a Maris ɗin 1949. Aka hana teloli ɓarnar yadi, aka ƙayyade yawan aljihu da maɓallai, aka buga littattafai masu koya wa mata faci da juya tsohuwar riga. Amma malafa ba ta shiga kati ba. Matar da ba ta da halin sabuwar kwat sai ta zuba duk basirarta a kan abin da za ta ɗora a ka da abin da za ta maƙala a ƙirji, a yi fure da guntun ƙyalle, a yi fil da maɓalli ko waya. Ashe ke nan, yawancin abin da ake gani yau kamar wasan masu ƙoshi, asalinsa dabara ce ta mai kwat ɗaya tak wadda ba ta yarda rashi ya hana ta fita kunya ba.

Masu suka sukan ce, duk da haka, wanda ya fito da irin wannan abu so yake a kalle shi. Gaskiya ne, amma wannan ba laifi ba ne na tsohon kaya shi kaɗai, domin kuwa wanda ya sayi sabon takalmi mai tambarin babban kamfani shi ma ba don ya ɓuya ya saya ba. Bambancin shi ne, ɗaya kuɗinsa yake nunawa, ɗayan kuwa idonsa da haƙurinsa na bincike. Tun a 1859 masanin falsafa John Stuart Mill ya yi gargaɗi a littafinsa game da 'yanci cewa ƙarancin masu ƙarfin halin fita daban babban haɗari ne ga al'umma. Ingila kuwa ba ta taɓa rasa irin waɗannan mutane ba. Marubuciya Edith Sitwell, wadda ta wallafa littafi sukutum a kansu a 1933, ita kanta an san ta da naɗa rawani da sa manya-manyan zobba. A Amurka kuma an yi Iris Apfel, 'yar kasuwar yadi, wadda ta riƙa haɗa riga mai tsada da awarwaro da duwatsun wuya na kasuwar tsofaffin kaya, ga wani ƙaton tabarau mai da'ira da ya kusa rufe mata fuska. Tana da shekara 84 babban gidan tarihi na birnin New York ya baje kolin kayanta a kakar 2005, ta kuwa rasu a 2024 tana da shekara 102 ba ta sauya hali ba. A zamanin da kantuna ƙalilan ke tufatar da Landan da Faris da Dubai da kaya iri guda, har a shiga taro a rasa bambanta wannan da wancan, mai agogon aljihu ya yi wa idon jama'a hidima, ko da bai yi niyya ba.

Sai dai ya kamata a raba ado da ɓad-da-kama, domin mutane da yawa sukan gwama su. Tun 1998 ake yin wani biki kowace Satumba a Goodwood, a kudancin Ingila, a filin tseren motoci wanda ya yi tashe daga 1948 zuwa 1966. Mutane sama da dubu ɗari sukan hallara, galibinsu cikin shigar waɗancan shekaru daga malafa har takalmi, wannan ya zama hafsan sojan sama, waccan ta zama matar attajiri ta 1955. Abin yana da daɗin kallo, ba shakka, amma ba fita daban ba ce. Inda kowa ya sa tsohon kaya, mai tsohon kaya bai fita daban da kowa ba, mai sabuwar riga ne bare. Wasan kwaikwayo ne wanda 'yan kallo suka zama 'yan wasa, kuma da an tashi kowa zai tuɓe ya ninke sai baɗi. Gwajin gaskiya yana ga wanda ya ɗauki abu guda, guda ɗaya tak, ya shigar da shi cikin shigarsa ta zamani, ya tafi da shi laccar buɗe zango ko liyafar ofis. In agogo ne, ya kasance yana aiki, kuma shi yake dubawa in yana son sanin lokaci. Wanda ya rataya agogon da ya tsaya tun zamanin Sarki Joji, sa'an nan ya zaro waya ya duba ƙarfe nawa, ya tabbatar da maganar Hausawa cewa zanen aro ba ya rufe katara. Wanda kuma ya haɗa malafa da kwagiri da tabarau mai ido ɗaya da sarƙa duk a jiki guda, ya tashi daga mai ado ya koma rumfar dillali.

An ce tsohon abu magana yake yi, kuma akwai wadda ta mai da wannan sana'a. A 1994, Madeleine Albright tana jakadiyar Amurka a Majalisar Ɗinkin Duniya, jaridun Iraƙi na zamanin Saddam Husaini suka kamanta ta da macijiya. Da ta tashi ganawa da jami'an Iraƙi, sai ta ɗauko wani tsohon fil na zinariya mai siffar maciji ta maƙala. Daga nan ta riƙa zaɓen fil gwargwadon saƙon da take son isarwa, fure ko malam-buɗe-littafi in al'amura na tafiya daidai, kaguwa ko kunkuru in ana jan ƙafa, har ta rubuta littafi a kan haka a 2009. Ita ta san abin da take faɗa. Amma ga wani misali na daban. Ranar 24 ga Satumbar 2019, shugabar Kotun Ƙoli ta Birtaniya, Brenda Hale, ta karanta hukuncin da alƙalai goma sha ɗaya suka yanke baki ɗaya, cewa dakatar da majalisa na mako biyar da Firayim Minista Boris Johnson ya nema ya saɓa wa doka. Ta fito cikin baƙar riga, da wani ƙaton fil mai siffar gizo-gizo a kafaɗa. Kafin gari ya waye jaridu sun cika da fassara, wasu na cewa tana nuna ta kama shi cikin yanarta ne, har aka buga riguna masu hoton ana sayarwa. (Da Bahaushe ne ke kallo, da ya ce ai Gizo ne da kansa ya zo kotu.) Daga baya ta bayyana cewa ba ta nufi kome ba, fil ne mai araha da ta ɗauko daga cikin tarin da take da shi. Bayanin nata bai hana kome ba. Abin ado, da zarar ya fita gida, ma'anarsa ta kuɓuce wa mai shi ta koma hannun masu kallo.

Akwai kuma tsofaffin kayan da abin da suke faɗa ba mai daɗin ji ba ne. Kawunan kwagiri da maɓallai na hauren giwa, mataji da tabarau na ƙoƙon kunkurun teku, fatar yanyawa da ake ratayawa a wuya da kanta da ƙafafunta, da malafu masu ɗauke da tsuntsu sukutum. Yayin gashin tsuntsu ya yi ɓarnar da ta sa wata mata, Emily Williamson, ta kafa ƙungiyar kare tsuntsaye a Manchesta a 1889, kuma gwagwarmayarsu ce ta haifar da dokar 1921 mai hana shigo da gashin tsuntsayen daji. Ƙasar Hausa ma tana da hannu a wannan ciniki ta wata fuska, domin a ƙarshen ƙarni na 19 gashin jimina yana cikin manyan kayan da ayarin raƙuma ke ɗauka daga Kano da Damagaram zuwa Tarabulus, daga can a tura Landan da Faris, kafin kasuwar ta rushe a 1914. Watau ba abin mamaki ba ne a ce gashin da ke lilo a kan wata tsohuwar malafa a Portobello ya taɓa kwana a zangon Agadas. Game da haure kuwa, dokar Birtaniya ta 2018, wadda ta fara aiki a Yunin 2022, ta hana saye da sayar da shi sai a 'yan wurare ƙalilan, alal misali abin da aka yi kafin 1947 wanda hauren da ke jikinsa bai kai kashi goma cikin ɗari ba. Ba ta hana gado ko mallaka ba. Mai kare kansa zai ce giwar ta mutu tun kafin a haife shi, ƙin sawa ba zai ta da ita ba. To, amma dalilin dokar shi ne an daɗe ana rina sabon haure ana sayar da shi da sunan tsoho, kuma duk wanda ya fita da abu ya yi kyau a jikinsa, talla ya yi masa. Irin wannan gado wurinsa akwati.

Suka mafi zafi ba ta dabbobi ba ce, ta matsayi ce. Wa aka yarje wa ya fita daban? An san Sarki Charles na Uku, tun yana Yarima, da sa kwat mai faci da takalman da suka shekara da yawa ana gyara su, kuma yabonsa ake yi, ana cewa mai tattali ne. Lebura in ya sa irin wannan kwat, talauci za a gani. Attajiri mai tsohuwar malafa an ce yana da ɗanɗano, matalauci mai irinta an ce a kai shi asibiti. Mai karatun da ya san Ƙofar Wambai a Kano ba ya bukatar dogon bayani, domin abin da ake kira da wancan suna mai daraja a Landan, shi ne in ya ƙetare teku ake kira gwanjo, ana saye ana ɓoyewa. Mutanen Gana ma sun fi kowa fitowa fili, suna kiransa kayan mataccen Bature. Hanyar kuwa a fili take. Kayan da jama'a ke kai wa kantunan agaji ana tace su ne tukuna, a tsince nagartattu a rataye su a Ingila da tsada, sauran a ɗaure su dila-dila a turo Afirka. Wata ƙungiya mai aiki a kasuwar Kantamanto ta birnin Akara ta ƙiyasta cewa tufafi kusan miliyan 15 ke shiga can duk mako, kuma wajen kashi 40 cikin ɗari bola suke zama. Kasuwar ce gobara ta cinye mafi yawanta a farkon Janairun 2025.

Wannan suka gaskiya ce, ba kuwa wata dabarar magana da za ta kawar da ita. Amma in aka duba da kyau, ba tsohuwar sarƙar agogo take tuhuma ba. Abin da ke cika dilolin nan sabbin kaya ne marasa ƙarko, waɗanda aka ɗinka don a sa su sau biyar a yar. Fil ɗin da ya shekara tamanin yana yawo daga ƙirji zuwa ƙirji bai taɓa toshe magudanar ruwa a Akara ba. Wannan ne ya sa ƙungiyar agaji ta Oxfam, wadda ta buɗe kantinta na farko a Oksfod a ƙarshen shekarun 1940, ta fara kira tun 2019 cewa mutane su yi Satumba duka ba su sayi sabuwar tufa ba. Kuma in rashin adalcin yana cikin suna ne, to, sunan ya kamata a gyara, a daina jin kunyar gwanjo, ba a hana mai fil sa fil ɗinsa ba. Ɗalibin da ke da kwat ɗaya ya fi attajiri bukatar wannan dabara, kamar dai matan 1943.

Saura maganar wuri, wadda ita ce sharaɗin da aka fi karyawa. Cikin tarukan kaka akwai guda wanda ba na mai ado ba ne, watau Lahadi ta biyu ta Nuwamba, ranar da ake taruwa a gaban dutsen tunawa da ke Whitehall, a yi shiru na minti biyu da ƙarfe 11 na safe. A ranar abin ado ɗaya ne ga kowa, daga Sarki har direban bas: jan furen nan na takarda da tsofaffin sojoji ke sayarwa, al'adar da ta faro tun 1921. Lambobin yabo na yaƙi ma, waɗanda ake samu birjik a teburan masu tsofaffin kaya, suna da ƙa'ida. Wanda ya ci lambar da kansa a hagu yake sa ta, wanda ya gaje ta daga uba ko kaka ya sa a dama, don a san ba tasa ba ce. Wanda ya saya don ta yi masa kyau a kwat, ya rataya ta ya fita, ya yi iƙirarin jinin da bai zubar ba. A nan duk hujjojin da aka kawo a baya sun faɗi, domin taron na matattu ne da iyalansu.

Turawa ba sa yafe kuskure a wannan rana, ko da ba da gangan aka yi shi ba. A Nuwambar 1981, Michael Foot, shugaban jam'iyyar Leba, dattijo mai shekara 68, ya zo ajiye fure cikin wata gajeriyar kwat mai duhun kore, alhali sauran manya suna cikin dogaye baƙaƙe. Wani ɗan majalisa na jam'iyyarsa ya kamanta shi da leburan da ya rasa aiki, jaridu suka ɗauka, suka laƙaba wa rigar sunan jakar ma'aikatan titi. A gaskiya sabuwa ce, an sayo ta a Harrods, kantin masu hannu da shuni, kuma shi da kansa ya ce uwar Sarauniya ta yaba masa ita a ranar saboda ta dace da sanyin da ake yi. Bai yi niyyar raina kowa ba, bai ma yi niyyar fita daban ba, amma maganar ta bi shi har zaɓen 1983, wanda jam'iyyarsa ta sha mummunan kaye, ta kuma sake tasowa a shafukan jaridu da ya rasu a 2010. Rigar tana cikin kayan gidan tarihin ma'aikata da ke Manchesta, kuma da yake ta haura shekara arba'in, bisa ma'aunin 'yan kasuwar Portobello ta daɗe da shiga sahun kayan da ake nema da tsada.